Wasilar da Ba a Goge Ba

"To mi Ummulkhairi ta fi ni da shi? Gaya min, Yaya! Kai biyu gare ta?"

Yaya Sirajo bai ko ɗago ba. Yana zaune bisa turmi a tsakar gidanmu na Gawon Nama, yana cusa wayar caji cikin jakar kwamfutarsa.

"Tana iya zama wuri guda," ya ce. "Ke ko kaza ta fi ki natsuwa."

"Karatu fa? Ai yanzu na iya Turanci. Jiya ni na karanta ma Inna takardar maganinta daga sama har ƙasa."

"Awo, kin karanta. Kin kuma tsallake layin da anka ce sai bayan an ci abinci."

Inna ta tuntsire da dariya daga madafa. Wallahi dariyar nan ta fi maganar ciwo.

"Ni ce fa ƙanwarka uwa ɗaya uba ɗaya," na ce. "Ita ɗiyar Gwaggo ce kawai."

"Aikin ga bai san wannan ba, Wasila."

Ya rataya jaka ya fita. Na bi bayansa da harara har zaure.

Bari in gaya muku abin da muke wa faɗan. Yaya yana aiki da wani ƙaramin kamfani da ke yi wa asibitoci manhajar ajiye bayanan marasa lafiya. Suna, shekaru, unguwa, ranar da anka kwantar da mutum, ranar da anka sallame shi. Duk abin yana zaune cikin wata baƙar na'ura mai kamar ƙaramin firji, suna ce mata saba. Shi Yaya ba shi ke gina manhajar ba. Aikinsa gwaji. Yana rubuta umarni da za su riƙa jarraba saba da kansu, ba sai mutum ya tsaya yana dannawa ba. In komai daidai, layi ya fito kore. In akwai matsala, ya fito ja.

Da anka yi dogon hutu sai ya ce zai koya wa mutum ɗaya aikin. Mutum ɗaya tak, don ɗakin ofishinsa ƙarami ne, kujera biyu ke ciki. Ni har na wanke hijabina na goge. Sai ya ɗauki Ummulkhairi, ɗiyar Gwaggo Rabi, sa'ata. Yarinyar da in ta fara karanta allon shago, kafin ta kai ƙarshe an rufe shagon.

Ni kuwa aka bar min kai abinci.

Ofishin yana Ƙofar Marke, cikin wani tsohon gida na ƙasa da anka shafe da siminti. Ɗaki ɗaya sunka kama haya a gefen zaure. A tsakar gidan akwai rijiya da anka rufe da kwano aka ɗora dutse. Mai gidan wata tsohuwa ce, Hajiya Murja. Ranar farko da na je, na tsaya bakin zaure ina ƙwala kira, "Yaya Sirajo! Yaya Sirajo!" Rana ta kusa faɗuwa. Tsohuwar nan ta fito da butarta, ta kama min hannu da ƙarfin da ban yi zato ba.

"Ɗiyata, ba a kiran suna a gidan ga da magariba. Ki yi sallama kawai."

Na ce to. A zuciyata na ce, tsofaffi da tsarabe-tsarabe.

Kullum na kawo abinci sai in ƙi tafiya. In tsaya bayansu ina kaɗa ƙafa, ina karanta duk abin da ke kan allon kwamfutar. Tun da karatun Turanci ya buɗe min, ba na iya ganin rubutu in ƙyale. Kwalin sabulu ma ban bari. A haka na ji duk abin da yake koya mata.

Gwajin nan shi ke ƙirƙiro mutanensa na ƙarya. Ya rubuta su cikin saba, ya canza musu unguwa, ya kwantar da su asibiti, ya rubuta sun rasu, don a ga ko saba tana riƙe kowane canji daidai. Daga ƙarshe sai ya share su duka, kamar ba a taɓa yin su ba. Wannan matakin na ƙarshe Yaya ke kira shara. Sunayen mutanen kuwa abin dariya yake sa musu. Hajiya Kwalba. Malam Tumatir. Alhaji Murfin Tukunya.

"Doka biyu, Ummul," ya ce mata. "Kada ki sa sunan mutum na gaske, don kada wata rana mu kasa gane na ƙarya da na gaskiya. Sannan in kin tada gwaji, ki bar shi ya kai ƙarshe. In kika katse shi, shara ba ta gudana. Mutanen ga sai su zauna ciki."

"To, Yaya," ta ce, a hankali, kamar mai ciwon haƙori.

Yaya. Har da wani Yaya. Da can Ya Sirajo take ce masa.

Ranar da abin ya faru Laraba ce. Inna ta makara da tuwo, sai da la'asar ta yi sanyi sosai ta miƙo min kwanukan cikin ƙyalle. A makon Yaya a ofis yake kwana, don sun kusa miƙa aiki.

"Ki miƙa ki juyo. Kada magariba ta riske ki a hanya."

Ɗan kabu-kabun da na hau sai da ya tsaya shan mai, ya tsaya gaisawa da abokinsa. Kafin ya sauke ni bakin lungun an fara kiran salla. Lungun ya yi duhu-duhu. Hayaƙin itace, ƙamshin ƙosai, warin kwata. Yara duk an kore su cikin gida.

Na yi sallama a zaure. Shiru.

Ƙofar ofis a saye take, ba a kulle ba. Yaya ya tafi masallaci. Ummulkhairi ta riga ta koma gida, ta bar ɓawon gyaɗa bisa tebur. Babu kowa sai saba a kusurwa, fankarta na huci, 'yan fitilunta na ƙyafta ido.

Na ajiye kwanukan. Da na juya na tafi, da shi ke nan.

Amma kwamfutar a buɗe take. Kuma a saman shafin, layin farko, an rubuta da Turanci: wadda ta rubuta wannan gwaji, Ummulkhairi.

Na karanta. Na sake karantawa.

Sunanta a cikin aikin Yayana. Ni kuwa sunana ko a murfin kwano babu.

Na zauna a kujerarta. Da ɗumi-ɗuminta ma. Na gangara ƙasa har na ga inda anka rubuta Hajiya Kwalba. Na goge. Na rubuta Wasila Badaru. Na sa shekaruna. Na sa Gawon Nama. Ba wani mugun abu nake nufi ba. So nake kawai in ga sunana ya fito da kore, ko sau ɗaya, sannan in mayar da Kwalbarsu.

Na danna abin da na ga suna dannawa.

Fankar saba ta ƙara huci.

Layin farko ya fito. An ƙirƙiri mara lafiya: Wasila Badaru. Kore.

Daɗi ya kama ni. Na manta da tsohuwa, na manta da magariba. Na ɗora yatsa bisa allon na karanta da ƙarfi, yadda nake yi a aji don kowa ya ji.

"Wasila Badaru!"

"Na'am."

Na daskare.

Ƙasa-ƙasa aka faɗa. Daga wajen kusurwa. Na ce fanka ce. Fanka tana iya yin irin wannan ƙara. Na leƙa bayan saba. Wayoyi ne kawai da yanar gizo-gizo.

Layi na biyu ya fito. An canza unguwa: daga Gawon Nama zuwa Ƙofar Marke. Kore.

A tsakar gida wani abu ya yi ƙwaram. Kamar an taɓa kwanon rufi. Sannan ƙarar dutse ana jan shi a hankali.

Sai wari ya shigo. Warin ruwan da ya daɗe a rufe, da laka, da gansakuka. Sanyi ya biyo ta ƙasan ƙofa ya kama min idon sawu. A garin nan namu, cikin zafin da ko da dare bango ke ƙuna.

Layi na uku. An kwantar da ita. Kore.

Kaina ya sara. Nan take. Kamar an buga min taɓarya a ƙeya. Haƙorana sunka fara haɗuwa. Na so in tashi, jikina ya ƙi.

Na san abin da ke biye. Na sha ganinsa bisa Malam Tumatir ina dariya.

Layi na huɗu ya fara fitowa. Bai yi kore ba, bai yi ja ba. Jira yake. Kalmar na nan, na iya karanta ta sarai.

Ta rasu.

Ɗan ɗigon da ke gefen kalmar yana ƙyaftawa. Ya zo. Ya tafi. Ƙirjina na bin sa. Duk sanda ya ɗauke, numfashina ya ɗauke.

Akwai maɓallai biyu da Yaya ya nuna wa Ummulkhairi, ya ce su ke katse gwaji, kada ta kuskura. Hannuna ya yi nauyi kamar na wani. Na ja shi. Na danna su tare.

Jan rubutu ya cika allon. An katse. Shara ba ta gudana ba.

Iska ta dawo min. Na shaƙa har da tari.

Sai na lura ɗakin ya yi tsit. Fitilun saba na ci, amma fankar ta yi shiru. Daga masallaci ina jin liman can nesa yana karatu.

Kujerar Yaya ta yi ƙiƙ.

Kamar yadda take yi in an zauna.

Ban waiwaya ba. Allon kwamfutar ya dushe ya zama baƙi, sai na ga fuskata a ciki. Da wata fuskar a gefenta.

Hijabina. Mai ruwan toka, mai ɗinkin da ya warware a haɓa. Tabon da ke girata. Komai.

Sai dai ita a zaune take cak. Hannuwa bisa gwiwa. Ba ta kaɗa ƙafa. Ba ta ƙyafta ido. Ruwa na ɗiga daga bakin hijabinta zuwa siminti. Ɗis. Ɗis.

"Kin kira," ta ce. Muryata ce, amma a hankali, kamar an wanke ta.

Na buɗe baki in yi Ayatul Kursiyyu. Farkon kawai ya zo. Sauran ya ɓace.

"Kin kuma bar ni a ciki." Ta ɗan sunkuyo. Numfashinta sanyi. "Na gode."

Hannunta ya taho bisa tebur. Ba ni ta nufa ba. Kwamfutar ta jawo gabanta, ta gyara mata zama. Ta share ɓawon gyaɗar da gefen hannu.

"Tashi," ta raɗa. "Akwai aiki."

Ban san yadda na kai ƙofa ba. Na ja, ta ƙi. Na ja da hannu biyu. A bayana na ji an fara danna maɓallai. A natse. Ɗaya bayan ɗaya.

Liman ya yi sallama.

Ƙofar ta saki.

Na fita da gudu, na yi karo da bangon zaure, takalmina ɗaya ya fice ban tsaya ba. Na hango tsakar gida da wutsiyar ido. Kwanon rijiyar a gefe yake. Hajiya Murja na tsaye bakin ɗakinta da carbi, tana kallona.

Sai da na kai titi, cikin fitilun motoci da masu shayi, sannan na iya yin kuka.

Zazzaɓi ya kwantar da ni har Juma'a. Inna ta yi min tofi, ta turara ɗaki, ta ce iskar magariba ce na kwaso, ai ta gaya min. Abincin Yaya kuwa aka daina kaiwa, ya ce zai riƙa saye a bakin titi. Ban gaya wa kowa komai ba.

Ranar Asabar Ummulkhairi ta zo gidanmu. Ba ta gaida ni da jiki ba. Ta tsaya bakin ƙofar ɗaki idonta ja.

"Kin kyauta, Wasila. Ki riƙe kujerar. Da kin gaya min kin iya, ai da ban wahalar da kaina ba."

"Wace kujera?"

"Daina raina min hankali. Kullum da yamma kina can. Ko magana ba ki yi min. Yaya ya ce in huta tukuna, ke kin fi sauri."

Ta juya ta tafi. Inna ta bi ta da ido ta ce yarinyar nan ko lafiya, Wasila da ko tsakar gida ba ta fito ba.

Ya kamata in ji tsoro. Na ji, ba zan ɓoye ba. Amma wani abu ya fi tsoron zafi. Kin fi sauri. A kaina ya faɗi haka, kuma ban ji ba. Wata ce ta ji.

Ban jira yamma ba. Ana idar da azahar na ari takalmin Inna na hau kabu-kabu. Rana tsaka, lungun cike da yara da awaki. Na shiga ofis ko sallama ban yi ba.

Yaya shi kaɗai ne. Da ya gan ni sai fuskarsa ta washe. Wallahi tun da nake bai taɓa yi min irin wannan kallon ba.

"Ƙanwata ta kaina! Yau da wuri? Ga kilishinki nan na aje miki. Kin san matsalar da kika kamo jiya, ta ranar haihuwa, mun yi makonni muna nemanta? Ogan kamfani da kansa ya tambayi sunanki."

"Ba ni ba ce."

"Mi?"

"Ba ni ba ce, Yaya! Tun Laraba ina kwance. Kira Inna ka tambaye ta."

Ya yi dariya. Da ya ga ban yi ba, ya daina. Na gaya masa komai a tsaye, ina haɗa magana da magana. Sunan. Maɓallan biyu. Rijiyar. Ya saurara yana murza goshi.

"Zazzaɓi ne, Wasila. Shina sa mutum ya manta abin da ya yi."

"To buɗe saba ka duba."

Ya buɗe. Ga ta nan. Wasila Badaru, Ƙofar Marke, tana kwance. Babu Malam Tumatir, babu Alhaji Murfin Tukunya, duk an share su. Ita kaɗai.

"Goge ta," na ce.

Ya tsaya yana karanta wani abu. Ya gangara ƙasa, ya ƙara gangarawa. Na matso ina karantawa ta kafaɗarsa. Sabbin gwaje-gwaje ne, masu yawa, an jera su tsaf. A saman kowanne an rubuta: wadda ta rubuta, Wasila. Kuma kowanne da abu ɗaya yake farawa. A tabbatar Wasila Badaru tana nan.

"In na goge ta, duk waɗannan ja za su yi," ya ce a hankali. "Duka a kanta sunka dogara. Jibi muke miƙa aikin ga."

"To su yi ja mana! Ka sake rubutawa!"

"Ba zan iya rubuta irinsu cikin kwana biyu ba." "Ban ma tabbata zan iya rubuta irinsu ba."

"Yaya, aljana ce fa nake gaya maka!"

"Rage murya."

"Ba zan rage ba! Ta ɗauki sunana, ta ɗauki fuskata, har kilishi kana saya mata! Ni da nake kawo maka tuwo cikin rana, ko sannu ka taɓa ce min?"

"Bari mu miƙa aiki tukuna. Bayan nan sai a kira malam, a yi abin da ya dace."

Bayan nan. Ko kallona bai yi ba da ya faɗa.

Warin laka ya fara tasowa. Da rana tsaka. Na ga shi ma ya ji, don hancinsa ya motsa. Amma bai firgita ba. Kamar wanda ya saba.

"Ka sani," na ce. "Tun farko ka san ba ni ba ce."

"Na dai ce a raina kin canza."

"Kuma ka fi son haka."

Ya mayar da idonsa kan allon.

"Gaya min, ni ko ita?"

Kujerar da ke bayana ta yi ƙiƙ. Ɗis, ruwa ya sauka bisa siminti. Ban juya ba. Idona na kan Yaya, shi kuwa nasa ya wuce ta saman kafaɗata.

"Yaya," muryata ta ce daga bayana, a natse. "Na gama wancan. Zo ka duba."

"Ina zuwa, Wasila," ya ce.

Sai da ya faɗa sannan ya tuna ina tsaye. Ya buɗe baki.

Ban jira ba. Na fizge kilishin daga tebur, don ko ba komai da sunana anka saye shi. Na fita, na jawo ƙofar da duk ƙarfina, ta bugu har ƙasa ta zubo daga rufin zaure, na yi tafiyata.